Rabin Kwalba

Auta tana cikin liƙa takardu a jikin ƙananan kwalabe wani saurayi ya shigo shagon Gwaggonta, da shuɗin fenti a gefen kunnensa. Man ƙamshi suke sayarwa, irin wanda ake tatsowa daga ɓawon lemo da kirfa da kanumfari, a ɗiga a 'yar tukunyar lantarki mai ruwa ta riƙa fesa tururi a ɗaki.

"Mai daɗi nake so," in ji shi.

Ta ɗiga a tsinken takarda ta miƙa masa. Ya shinshina ya ce da daɗi. Na biyu ma da daɗi. Na ukun kuwa, garin sauri ta ɗauko wanda ba ta ɗiga komai a kai ba. Ya kai hanci, ya lumshe ido, ya ce ai wannan ya fi su duka.

Auta ta danne dariyarta. Ta ɗauka irin samarin nan ne masu zuwa sayen turare alhali mai turaren suke kallo. Kuma gaskiya abin bai ɓata mata rai ba.

Mai fentin gidaje ne, kuma daga ranar bai ƙara yin sati bai leƙo ba. Gwaggo dai mai kantin maganin da ke maƙwabtaka da su take yi wa Auta sha'awa, mutum mai farar riga da mota. Auta ta ce ita warin asibiti yake yi mata, aka bar maganar.

Waya ta ɗauki zafi tsakaninta da mai fentin.

"Lemona, kin rufe shago? Yau rabin bango na shafe da launin da ba shi aka ce ba, kuma laifinki ne."

"Kwastoma, ka bar sharri. Ka wanke kunnenka dai?"

Da hutun ƙarshen shekara ya matso, ya ce yayyensa za su zo da 'ya'yansu, kuma a lokacin zai yi wa Ummansa maganarta. Auta ta zauna ta haɗa wa Umma kwalba ta musamman, lemo da ɗan kirfa.

"Tunda ka ce ƙirjinta ba ƙarfi, ɗigo biyu kawai," ta ce. "Ka bar taga a buɗe."

Ranar da baƙin suka iso, saƙo ɗaya ya shigo mata: "Muna asibiti. Numfashin Umma ne ya sarƙe. An samu kanta. Ta ce man ne."

Daga nan shiru. Ta kira, ba ya ɗagawa. Daga baya ta ji a bakin ƙanwarsa cewa Umma ta rantse ba za ta haɗa zuri'a da mai sayar wa mutane guba ba. Abin ya yi wa Auta ciwo ƙwarai. Ta san hannunta, ta san abin da ta zuba, kuma ta san tana son yaron nan.

Gwaggo ce ta yafa mayafi. "Tashi mu je dubiya. Sunan shagona ne a jikin kwalbar."

Umma ta amsa gaisuwarsu a daƙile, tana kishingiɗe a doguwar kujera. Kwalbar tana kan teburi. Auta ta ɗaga ta saitin taga. Saura rabi.

Shi kuwa ya gaishe su kansa a ƙasa, ya ɗora madara a wuta don haɗa musu shayi, ya dawo ya jingina da ƙofar kicin. Can ƙaurin madarar ya cika falon. Gwaggo ta yamutsa fuska, Umma ta fara tari. Mutumin da ya fi kowa kusa da tukunyar yana tsaye abinsa, yana satar kallon Auta.

"Kai! Ba ka ji ba ne?" Umma ta daka masa tsawa.

"Me, Umma?"

Auta ta wuce shi ta kashe wutar, ta wangale taga. Sai a sannan ta tuna farar takardar nan da ya ce ta fi duka.

"Tun yaushe?" ta tambaye shi.

Sai ya fayyace musu komai. Tun zazzaɓin bara hancinsa ya daina jin komai. Ranar nan ya ɗiga biyu kamar yadda ta ce, ya ji shiru, ya zaci tukunyar tururin ce ba ta aiki, ya ƙara, ya ƙara, ya kuma rufe tagogi don kada ƙamshin ya gudu.

"Umma, na san za ki ce fenti ne, ki hana ni sana'ata. Ke kuma," ya kasa kallonta, "mace mai sana'ar ƙamshi, me za ta yi da mijin da ba ya ji?"

"Hancinka bai dame ni ba," in ji Auta. "Abin da ya ƙona min rai, ana kirana mai guba kana ji ka yi shiru. Kunnenka ai lafiyarsa ƙalau."

Gwaggo ta ce, "Faɗa masa dai."

Umma ta kalli ɗanta. Shekara guda tana zuba masa abinci yana cewa ƙamshin ya cika gida. Ta share ido da gefen mayafi.

"'Yar nan, zo nan. Na ci haƙƙinki, ki yafe min."

"Ba komai, Umma."

"Da komai. Shi kuma wannan, ki wahalar da shi tukuna."

Ta kuwa wahalar da shi. Sai da ya je shagon ya ba Gwaggo haƙuri a gaban masu sayayya, ya je ya ga likita, sannan ta amsa saƙonsa.

"Lemona, likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Ban ɓoye miki komai ba."

"Na gani, Kwastoma. Ka turo manya."

Bayan an ɗaura aure, 'yan'uwa suka rako su sabon gidansu. Duk wanda ya shiga falon sai ya ja numfashi ya yaba ƙamshin da ke tashi. Ango ya tsaya a bakin ƙofa, a gaban yayyensa da abokansa, bai yi ƙaryar lumshe ido ba.

"Lemona, ni ba na ji. Faɗa min."

Ta matso kusa da shi, ta shiga faɗa masa a hankali: da farko kamar an ɓare lemo a ɗaki mai sanyi, can ƙasa kuma wani ɗumi-ɗumi.

Umma ta kamo hannayensu ta haɗa. "Ga shi nan, 'yata. Duk abin da bai ji ba ki faɗa masa, kai kuma duk abin da ba ta sani ba kada ka ɓoye mata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Falon ya amsa da amin.