Takardun Auta da Kwalaben Kaka

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, auta ce a gidansu. Tana da ƙwaƙwalwa, amma kai! Taurin kai gare ta. In ka ce mata ta yi gabas, sai ta nufi yamma tana turo baki.

A makarantarsu ana koyar da Sifaniyanci. Ran Litinin Malama ta ce, "Ran Alhamis za mu yi hira ta bidiyo da yaran wata makaranta masu jin Sifaniyanci. Wanda ya kawo min kalma hamsin da ka, shi zai shiga."

Auta ta ɗaga hannu. "Malama, ta yaya mutum zai tara hamsin?"

"Ki rubuta sunayen kayan gidanku a takarda, ki liƙa musu. Amma ki nemi izini tukuna."

Auta ta ji farkon maganar, ƙarshen kuwa ta bar shi a aji.

Tana isa gida ta ɗauko almakashi da salatif. Ƙofa ta sha "puerta". Taga ta sha "ventana". Tebur "mesa", kujera "silla", cokali "cuchara". Yayanta na kwance yana hutawa, ta manna masa "hermano" a goshi.

"Ke! Ni kujera ce?" in ji shi.

"Ai kujera ta fi ka amfani," ta ce, ta ruga.

Mama ta yi dariya, sannan ta ɗaure fuska. "Ki liƙa a falo da kicin. Amma ban da ɗakin Kaka. Kin ji ko?"

"Saura kalma shida fa, Mama!"

"Na ce ban da ɗakin Kaka."

Auta ta turo baki. A ranta kuwa ta ce, "Sai na shiga. Takarda ce fa, ba wuta ba."

Washegari da safe Kaka na wanka, Auta ta lallaɓa ɗakin. Gado, matashi, madubi, takalmi, duk ta manna musu. Sai ta hango kwalabe biyu farare a kan tebur. Ta naɗe ɗaya da "botella", ɗaya da "medicina". Ta zagaye su da salatif tam, ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta.

Ga abin da ba ta sani ba. Kaka ba ta karatu. Kwalaben nan na maganinta ne, kuma kamarsu ɗaya. Baba ne ya ja wa na safe jan layi, na yamma shuɗi. Da layin Kaka take gane su. Yanzu takarda ta rufe layin.

Kaka ta juya kwalba, ta sake juyawa. Ta kankari salatif, yatsunta suka gaza. Kowa ya fita. Ta ji tsoron ta sha wanda ba shi ba, sai ta haƙura.

Da Auta ta dawo, ta tarar da Kaka kwance, Mama na yi mata fifita. Jiri ne ya kwashi Kaka don ba ta sha magani ba, saura kaɗan ta faɗi a bakin ƙofa. Baba ya baro wurin aiki, yana tsaye da kwalaben a hannu.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce. Ai Malama ce ta ce."

"Malama ta ce ki shiga inda aka hana ki? Duk takardar da ke gidan nan, ki cire ta yanzu."

Auta ta buga ƙafa. "Ba zan cire ba! Jibi ne fa! In na cire, da me zan yi karatu?"

"Auta!" in ji Mama.

"Ni dai ba zan cire ba!"

Sai Kaka ta buɗe ido. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Takwara, zo ki ga hannuna."

Auta ta matsa. Farcen Kaka ya tsage wajen kankarar salatif, har da ɗan jini. Auta ta sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo.

"Kaka, ki yafe min. Ban sani ba."

"Ai da kin tambaya, da kin sani. Je ki yi abin da ubanki ya ce."

Ta bi ɗaki-ɗaki tana cirewa tana kuka. Ta gama ta zauna a ƙasa. "Shi ke nan. Ba ni ba shiga hirar."

"Rufe min baki," in ji Kaka. "Miƙo min sandata."

Ta nuna ƙofa da sanda. "Mene ne wannan a yaren naku?"

"Puerta."

Ta nuna matashi. Auta ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Kaka ta nuna madubi. Shiru.

"Au! Ashe takardar ce ta iya, ba ke ba?"

Suka ƙirga. Kalma goma sha ɗaya kacal ta riƙe. Auta ta share hawaye, ta cije leɓe. "Sake nunawa, Kaka. Sai na iya."

Kaka ta nuna, Auta ta faɗa. In ta manta, ta leƙa littafi, ta taɓa abin, ta faɗa sau uku da ƙarfi. Wani lokaci Kaka ta gwada faɗa, harshenta ya harɗe, su duka su fashe da dariya. Ran Laraba ma haka. Sanda ta zaga kicin, ta zaga falo, har ta sauka a kan Yaya.

Ran Alhamis Malama ta ce, "Bismilla, muna ji."

Auta ta miƙe. Ba takarda a hannunta. Ta fara jerowa, Malama na ƙirgawa. Da ta kai hamsin aka ce ya isa.

"Malama, saura uku," in ji ta. Sai da ta faɗe su ta zauna.

Ta shiga hirar. Wata yarinya ta ɗaga cokali a bidiyo, Auta ta ce "cuchara" tun kafin kowa ya motsa. Yarinyar ta tafa mata.

To yara, ku ji. In babba ya hana ku abu, ku tambayi dalili, kada ku yi gaban kanku. Kalma kuma ba a bango take zama ba. Sai ka faɗe ta da bakinka, ka sake faɗa, sannan ta zama taka.