Bindigar Gado a Bikin Rudaina

"Ba haka ba! Mu'ayyad, wai alli ka ɗauka ka riƙe? Saura kaɗan ta fasa maka goshi!"

Rudaina ta karɓe ƙaramar bindigar tana huci. Suna cikin tsohon ramin fasa dutse ne a bayan ƙauyensu, kudu da birnin Karak, hantsi ya fara cizo. Ita 'yar sanda ce mai koya wa kurata harbi. Shi kuwa malamin firamare ne, bawan Allahn da ko kaza aka ce ya yanka sai ya nemo uzuri. An ɗaura musu aure tuni, biki kawai ya rage, ranar Juma'a.

"Haba idona, wannan faɗan fa? Tun ban kai ki gida ba?"

"Kar ka ce min idona! Miƙo hannunka."

Ta ɗora masa bindigar a tafin hannu, ta tura hannun sama har ya cika bayan mariƙin.

"Kar ka bar gurbi a nan. Hagu ta rufe dama, manyan yatsunka su kalli gaba. Ƙarfafa wuyan hannu... ka ɗan ranƙwafo, kar ka koma baya. Yatsanka kuma ya bar kunama sai ka shirya!"

Ya harba. Bindigar ta yi shuri, ta ɗaga kai, ta dawo inda take. Ya juyo yana washe baki, amma fuskarta ba ta saki ba.

"Rudaina... kin san dai ranar Juma'a ba haka ake so in yi ba. A kafaɗa za a ɗauke ni, hannu ɗaya a sama."

Ta sani mana. A ƙauyen nan ba a kai ango wurin amaryarsa sai ya harba bindigar kakansa daga kan kafaɗun maza, ana rawa ana tafi. Baffansa Abu Hazza, wanda suke kira Ammi, shi ke ajiye da ita, kuma shi ba a yi masa musu.

"Harsashin farko saukowa yake yi a kan wani," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Amma na biyun na fi tsoro. In ta yi shuri a hannu ɗaya, wuyan hannu ya lanƙwashe, yatsa ya matse ba da saninka ba... lokacin bakinta ya bar kallon sama."

"Allah zai tsare."

"In jini ya zuba tsakanin gidanku da wani gida fa? Ka manta da jalwa?"

Dariyar ta ɗauke masa. Babu wanda bai san jalwa ba. Ko da kuskure aka yi kisa, dangin mai harbin duka ake kwashewa kafin rana ta faɗi, tsoho da jariri, a kai su wani gari mai nisa don kada a ɗauki fansa. Wasu su dawo bayan shekaru, wasu a can ake binne su.

Ya kama yatsunta. "To me kike so in yi, rayuwata?"

"Ka sauko ƙasa. Ka juya wa mutane baya, ka fuskanci tsauni, hannu biyu."

"Za su yi min dariya har in tsufa."

"Su yi! Ni dai ina son ka tsufa a gabana."

Ranar Alhamis ta tare yayanta Nashmi a tsakar gida yana ɗaure ragunan biki. Tun rasuwar mahaifinsu shi ne namiji ɗaya a gidan, kuma shi ya ce ba wanda zai ɗauki angon ƙanwarsa a kafaɗa sai shi.

"Yaya, in ya ce ka sauke shi, don Allah ka sauke shi."

"Oho! Madam 'yar sanda ta fara ba da oda. Ankwa za ki sa min?"

"Ba wasa nake ba. Gabana faɗuwa yake yi tun jiya."

Ya dubi idonta, ya ga ƙwalla. Ya dafa kanta da hannunsa mai warin tumaki.

"Shi ke nan, 'yar ƙanwa. Zan sauke miki shi kamar ƙwai. Je ki a sa miki lalle, Yumma na nemanki."

Ta tafi wurin mahaifiyar tasu, amma hankalinta ya ƙi kwanciya. Aka yi waƙa, aka yi guɗa, ita kunnenta na can yana jiran wani sauti.

Juma'a bayan an sauko masallaci, aka jere farantan mansaf a ƙarƙashin rumfa. Maza suka kewaye su a tsaye, kowa ya naɗe hannun riga, suna dunƙula shinkafa da naman rago da hannun dama, man shanu na bin yatsu har wuyan hannu. Rudaina na saman soro da mata cikin farar riga, ta leƙo ta gefen katanga.

Ganga ta tashi. Ga Mu'ayyad a kafaɗar Nashmi, ana juyi da shi. Aka miƙa masa bindigar.

Ta riƙe numfashi.

Ya sunkuya ya yi wa Nashmi magana a kunne, sai ga shi a ƙasa. Ya ratsa mutane har bakin fili, ya ba su baya, ya fuskanci tsaunin da babu ko akuya a kansa. Hannu biyu, ya ɗan ranƙwafa. Ya harba, ƙura ta tashi can nesa.

Wani irin so ya cika mata ƙirji har sai da ta ji zafinsa. Amma a ƙasa dariya ce ta ɓarke.

"Ango ko kurtu?"

"Matarsa ce ta ba shi darasi!"

Abu Hazza ya taso daga kan faranti fuska a murtuke. Dattijon bai ko nemi ruwan wanke hannu ba.

"Kawo nan! Ka kunyata mu a gaban surukai. Bindigar ubana ce za ka riƙe kamar mai tatsar akuya?"

"Ammi, ka yi haƙuri, ai an riga an harba..."

"Na ce kawo!"

Ya fisge ta, ya koma tsakiyar taron, ya ɗaga hannu ɗaya sama. Daga soro Rudaina ta hango tafinsa yana ƙyalli da mai, mariƙin ya zame ƙasa, rabinsa kawai ke cikin hannun.

"Ammi! Hannunka! Akwai mai!"

Guɗar matan da ke gefenta ta haɗiye muryarta.

Ƙara biyu aka ji, manne da juna. Sauran mutane sun ɗauka gwaninta ce. Ita da ta yi shekaru a filin harbi ta san na biyun ba da niyya ya fita ba.

Gangar ta mutu. Mutane suka dare, suka bar mutum ɗaya a ƙasa.

Ba ta san yadda ta sauko ba. Ta dai ga kanta durƙushe, farar rigarta na shan jini, tana danne ƙirjin Nashmi, Mu'ayyad na tallafe da kansa yana kiran sunansa.

"Yaya! Yaya, kalle ni! Kar ka yi min haka!"

Ya buɗe ido da ƙyar. "Na sauke... miki shi..."

Ko asibiti ba a kai da shi ba, rai ya yi halinsa.

Kafin la'asar motocin 'yan sanda sun cika ƙauyen. An tafi da Abu Hazza yana dukan kansa yana kuka. Dattawa suka zauna, suka tashi da maganar da kowa ya riga ya sani: jalwa ta hau dangin Abu Hazza. Aka fara loda katifu da tukwane a manyan motoci, har da gadon amarya da ba a taɓa kwana a kai ba.

Mu'ayyad ya zo bakin ƙofarsu, ɗan sanda na tsaye a bayansa, don samarin dangin Nashmi sun fara taruwa a kan layi ido jajir. Rudaina ta fito ba ko takalmi.

"Ka yi duk abin da na ce," ta faɗa cikin kuka. "Ba ka yi laifin komai ba!"

"Na sani. Amma jininmu ɗaya da shi."

"To ni matarka ce. Zan bi ka, ko ina ne!"

Ta riƙe rigarsa gam. Daga cikin gida muryar Yumma ta taso, ta dishe, tana kiran Nashmi ya zo ya ci abinci.

Duk suka juya wajen muryar.

"In kin shiga motar nan, ba za ta sake ganinki ba," ya ce. "Wa zai amsa mata, Rudaina?"

"Mu'ayyad... ina sonka. Wallahi ina sonka!"

"Ni ma, idona. Shi ya sa."

Ya ɓamɓare yatsunta daga rigarsa a hankali, ya sumbaci lallen da ke tafinta, ya juya. Ta tsaya tana kallo har motar ta sha kwana, ba ta ga ya waiwayo ba, ta kuma san don kada ya kasa tafiya ne.

"Nashmi!" Yumma ta sake kira.

Rudaina ta share fuskarta da bayan hannu, ta shiga gida.

"Na'am, Yumma... ga ni."