Gurbin Dangantaka

Mugun abu ne mutum ya ƙera abin da ba ya karɓar gyara. Girman kai ne, ko da an sa masa rigar ilimi.

A birnin Tudun Ƙarfe, ƙofar babban asibiti ba ta da mai gadi, allo ne kawai. Ka ɗora tafin hannu, fom ya fito a cike: sunanka, unguwarku, da dangantakarka da majinyaci. Wata uwar na'ura can ƙarƙashin ƙasa ce ke cike guraben daga rajistar haihuwa. Duk abin da ka sauya, sai ta gwada shi da wanda ke wurinta. In bai dace ba, gurbin ya yi ja, ƙofa ta ƙi buɗewa. Ɗakin masu jin jiki kuwa ba mai shiga sai iyaye, 'ya'ya da ma'aurata.

Injiniya Tanimu ne ya gina na'urar. Shi ne kuma ya tsaya gaban ƙofar wata Laraba yana haki, domin Inna Tabawa na ciki, rai a hannun Allah. Goggonsa ce, ƙanwar babansa, amma tun ranar yaye aka ba ta riƙonsa. Bai san wata uwa ba.

Fom ya rubuta ɗan wa. Tanimu ya goge, ya sa ɗa. Gurbin ya yi ja. Ya sake, ya sake yin ja.

Ya kira Asabe, 'yar da Inna ta haifa, wadda ke bakin gadon.

"Yaya, kana ina? Ta daina ji, sai lalube take da hannu. Kanka take nema."

"Ina ƙofa. Ki ce wa likita ya buɗe."

"Na faɗa masa. Ya ce a da akwai gurbin da ake rubuta bayani, mutum ya duba. Wai kai ka sa aka cire."

"Ƙarya mutane ke zubawa a ciki!"

"To, riƙon ma ƙarya ne? Ka gaya wa na'urar taka wa ya goya ka."

Ya ruga ofis don ya sauya dokar. Ashe shi da kansa ya shimfiɗa cewa ba a taɓa ta sai kwamiti ya zauna, kwamitin kuwa sai Litinin.

Kafin la'asar Asabe ta kira. Salati kawai ya ji, da kuka.

Bai ga fuskar Inna ba. Hannunta bai kai kansa ba. Bai roƙe ta gafara ba, ita ma ba ta samu ta ce ta yafe ba. Da aka fito da gawa, Asabe aka damƙa wa. Tanimu yana bakin titi, cikin maƙwabta.