Na'urar Ganin Zafin Taurari

Tun rasuwar matarsa, Malam Bahago ba shi da abokin hira sai na'urar da yake haɗawa, mai gano taurari ta zafinsu. Bayan isha'i yakan hau saman soronsa a Ƙofar Galadima ya gwada ta.

Rannan sai ya ji sallamar wani dattijo a bayansa, alhali da hannunsa ya kulle gidan.

"Malam, wa kake nema a sama?"

"Waɗanda ido ba ya gani, Baba."

"To, juyo da ita nan."

Bahago ya juya da ita. Soron wayam, ba kowa. A fuskar na'urar kuwa, ga waɗanda ido ba ya gani nan zaune, sun kewaye tabarmarsa, jawur kamar garwashi, sun bar masa wurin zamansa.