Lokacin Sauka

"Husaina, har yaushe zan yi ta shawagi?"

Nazeer ne ya yi tambayar, yana zaune a zauren gidan su Husaina a unguwar Soron Ɗinki. Zoɓon da ta kawo masa ko kallonsa bai yi ba.

Kalmar aikinta ya ara. Ita ce ke jera jiragen da za su sauka a filin jirgi, wannan bayan wancan, kowanne ya gangaro a hankali ba tare da ɓarnar mai ba. Shi kuwa turare yake sayarwa a kasuwar Kurmi, amma yawan zuwa zance ya koya masa yaren sama.

Ya ce mahaifiyarsa ta gaji da jira. Ta fara yabon Rahma, 'yar ƙanwarta, ita kuma Rahma kullum tana gidan da kwanon dambu, wai zumunci.

Husaina kuwa tana sonsa, so ba na wasa ba.

Matsalar ɗaya ce. Kakarsu Ya Kaka ta kafe cewa tagwaye rana ɗaya ake kai su ɗakin miji, haka danginsu ke yi tun daga Borno. 'Yar'uwarta Hassana kuwa karatun likita ta sa a gaba, saurayi ko a mafarki.

Washegari Husaina ta tarar da tsohuwar tana haɗa turaren wuta. Ba ta yi gardama ba, mai gardama da Ya Kaka bai taɓa cin riba ba. Hirar aiki ta ɗauko, ta ce wani lokaci jirage biyu kan nufo ta, ɗaya ya kusa, ɗaya ko tasowa bai yi ba.

"Ya Kaka, matuƙi ba jiran ne ke damunsa ba. In na faɗa masa lokacin saukarsa tun yana nesa, rage gudu yake yi ya taho a natse. In na bar shi yana kewaye babu magana, man jirginsa ƙarewa yake..."

"Sai ya faɗo?"

"A'a. Sai ya juya wani filin."

Tsohuwar ta daɗe tana juya garwashi.

"Filin nan, ba Rahma ne sunansa ba?"

Husaina ta sunkuyar da kai. Daga ƙuryar ɗaki Hassana ta leƙo da littafi a hannu, ta roƙi a taimake ta kada a ɗora mata alhakin jiran da bawan Allah Nazeer ke yi.

Da yamma Nazeer na yin sallama, Ya Kaka da kanta ta fito zaure tana dogara sanda. Ta ce ta gama magana da iyayen yarinya, ya turo manyansa a sa rana. In Hassana ta shirya, a kai su tare. In ba ta shirya ba, ta riƙe wa 'yar'uwarta mayafi.

"Kai mai turare, rage gudu. Bayan Babbar Sallah za ka sauka."

Nazeer ya dubi Husaina, ita kuma ta ja mayafi ta rufe murmushinta.

Ranar ya shanye zoɓon tas, har ya nemi ƙari.