Jan Ƙafa a Hanyar McLeansville

Gab da magariba motar Assibi ta ƙi tashi a ƙofar gidan tsohuwar da take yi wa jinya a McLeansville, can Amurka. Ta taka zuwa gidan mai, inda mijinta Lamine zai ɗauke ta. Washegari tana da jarrabawar jinya, in ta sake faɗuwa aikin ya tafi. Kalmomin Turanci na tafiyar majinyaci da numfashinsa su ne ke kayar da ita.

Ta kunna saƙon muryar ƙawarta Roseline, mai karanto mata kalmomin da ma'anarsu. Assibi kuwa ba ta riƙe abu sai ta gwada da jikinta.

"Shuffle," in ji Roseline, "jan ƙafa ke nan, ba a ɗagawa."

Ta ja ƙafa a kan tsakuwa tana dariya.

"Limp, ɗingishi."

Ta ɗingisa, daidai wani tsohon rumbun taba da rufinsa ya rufta. Ko bisimilla babu. Ita da ta tashi a Maraɗi ta san ba a kwaikwayon gurgu da almuru a bakin kango, amma ta ɗauka a gida aka baro aljanu.

Gyare suka yi tsit. Wari ya taso, irin na ƙonannen gashi.

Ta tsaya. Jan ƙafar bai tsaya ba.

Yana bayanta. Taku ɗaya, sai ja.

"Rasp," in ji wayar, "numfashi mai kartar maƙogwaro."

Ta ji shi a ƙeyarta, da zafinsa.

"Ni kike kwaikwayo?" aka raɗa mata da Hausa.

"Ka yi haƙuri. Karatu nake."

"Ba ki iya ba. Bari in koya miki."

Wani abu mai sanyi ya damƙi idon sawunta na hagu.

Ta kama Ayatul Kursiyyu, harshe na sarƙewa. Ta fizge. Takalminta ya zauna can.

Fitilar motar Lamine ta hasko ta tana rarrafe a tsakiyar titi.

Ta ci jarrabawar, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Amma tun daga ranar ƙafar hagun ba ta ƙara ɗaguwa daga ƙasa ba. A asibiti likita ya sa ta tafi ta dawo, ya juya ya faɗa wa nas kalma ɗaya. Lamine ya buɗe baki zai fassara mata.

"Bar shi," ta ce. "Na san ta."