Tukunyar Ganyen Doña Tránsito

Ranar Talata ce. Tun asuba ake ruwa, teku ta yi duhu, babu kwalekwale ko ɗaya a kanta. Dilcia ta gasa tortiya, wato wainar masara, ta dafa wake, ta soya ayaba, ta zuba gahawa kofi uku. Babu wanda ya zo ya ɗauka.

Mijinta Olvin yana baranda cikin ragar lilo, ya juya wa ƙofa baya. Ranar Asabar ya sauka daga jirgin kamun kifi, bayan kwana arba'in a ruwa. Ya kawo mata 'yan kunne, ya ɗaga ta sama a tsakar gida yana dariya. Kwana biyu suka yi cikin daɗi. Ranar Litinin da safe uwarsa, Doña Tránsito, ta je kwamin wanki, ta ciro ɗan kamfan Dilcia daga bokiti, ta duba, ta shinshina, ta kira ɗanta bayan gida. Tun daga nan bai sake taka ɗakinsu ba.

Dilcia ta san abin da aka gani. Wata huɗu ke nan, duk sanda suka sadu da mijinta sai wani ruwa mai toka-toka ya riƙa zubo mata, ga ƙarni. Kunya ta hana ta faɗa. Kuma wa za ta faɗa wa? Ita 'yar kan duwatsun Yoro ce, tafiyar wuni guda a bas. A nan bakin teku ba ta da 'yar'uwa, ba ta da ƙawa. Dabara ɗaya ta sani, ita ma surukarta ce ta koya mata. Tun makon da ta tare, tsohuwar ta miƙa mata wata baƙar tukunya da roba mai dogon baki. Ganye iri uku ake tafasawa, a zuba ruwan khal da ɗan alif, a matsa shi da robar can cikin gaban mace. "Haka matan gidan nan suke yi tun daga kakata," in ji ta. "Matar masunci sai ta fi kowa tsabta." Da, sau biyu a mako Dilcia take yi. Da warin ya fara sai ta koma kullum.

Doña Tránsito ta shigo madafa tana karkaɗe lema. Ta kalli abincin, ba ta taɓa ba.

"Jirginsu Juma'a zai tashi," ta ce. "Kafin nan ki haɗa kayanki."

"Mama, me na yi?"

"Kada ki ce mini mama! Kwana arba'in yarona yana tsakiyar ruwa, daga shi sai ƙarti goma sha biyu. A ina zai samo cuta, a wajen kifi? Ke ce a kan tudu, yarinya. Ina ganin yadda mai kawo gas yake daɗewa a ƙofar nan."

"Canji yake nema mini, Doña Tránsito! Na rantse da Budurwa Maryamu..."

"Bar Budurwa ta huta. Shekara talatin na yi da mahaifinsa, kayana ba su taɓa irin wannan wari ba."

Ta fita. Dilcia ta zauna a kan buhun masara ta yi kuka har ya ishe ta. Ta ciro waya ta nemi lambar mahaifiyarta, ta daɗe tana kallonta, ta mayar aljihu. Tsohuwa mai hawan jini, me za ta ce mata?

Da la'asar ruwa ya tsagaita. Ta wanke fuska ta fita baranda.

"Olvin."

Bai waiwayo ba.

"Olvin, dube ni mana. Ko kare ne ya yi magana ai ka waiwaya."

Ya waiwayo. Idonsa ya yi ja, da alama shi ma bai runtsa ba.

"Kullum a jirgi hotonki nake kallo," ya ce. "Har tsokanata suke yi, wai limamin coci. Ni ban taɓa kowa ba, Dilcia. To daga ina?"

"Ban sani ba. Da na sani da na faɗa maka. Abu ɗaya nake roƙo: gobe ka raka ni asibiti. Zan tafi da jakata. In nas ta ce na ci amanarka, daga can ka sa ni a bas, ba sai na dawo gidan nan ba."

Ya juya ya kalli teku.

"Ƙarfe bakwai," ya ce.

Laraba da safe suka tafi, shi a gaba, ita a baya da jaka a hannu. A bas bai zauna kusa da ita ba. A asibiti ma sai da ya bar kujera biyu tsakaninsu.

Nas ɗin mace ce babba, ana ce mata Seño Argentina, wato Malama Argentina, ga murya kamar ta mai tallan kifi. Ta duba Dilcia a ciki, ta ɗebi abin da za ta ɗeba, ta sa aka gwada su duka biyun. Wajen azahar ta kira su tare. Ta kalli jakar, ta kalli Olvin.

"Wannan jakar ta mece ce? Kwanciya aka ce muku za a ba ta?"

Olvin ya kau da kai.

"To, na gane. Zauna, ango. Ke kuma 'yata, da me kike wanke cikin gabanki?"

Dilcia ta sunkuyar da kai ta faɗa: ganye, ruwan khal, alif, roba.

"Sau nawa?"

"Kullum, Seño."

"Yesu! Kullum? Ke tukunya ce da za a riƙa kankare ki?" Ta juya ga Olvin. "Saurara da kyau, don ba zan maimaita ba. Gwajinku ku biyu bai nuna wata cutar da ake ɗaukowa a waje ba. Jikin mace yana da nasa ƙananan halittu masu gadinsa, shi yake tsabtace kansa. Wannan wankin ya kore su, marasa kyau suka samu wuri. Shi ne ruwan, shi ne ƙarnin, kuma bayan saduwa ya fi tashi. Tana ƙara wanki, abin yana ƙara ƙarfi."

"Wato... ba wani ne ya..."

"Wannan ba shaidar komai ba ce, sai ta alif. Kuma ka sani, ruwa fari ko garai-garai marar wari bayan saduwa, wannan lafiya ce, kowace mace tana ganinsa. In ya koma kore ko rawaya, ko da wari, ko ƙaiƙayi, ko zafi, ko jini, nan ake kawo shi. Ba a kai shi gaban uwar miji. Ga ƙwayoyi, kwana bakwai, safe da yamma, kada ta tsallake ko ɗaya. Daga yau ruwa zalla, a waje kawai. Kai kuma ka ɗaga mata ƙafa har ta gama. Ka iya kwana arba'in, bakwai ba za su kashe ka ba."

A waje Olvin ya tsaya a gindin bishiyar mangwaro. Ya jira ta ƙaraso. Sai ya miƙa hannu ya karɓi jakar.

"Dilcia..."

"Ba yanzu ba," ta ce. "Kwana biyu na yi ina dafa wa bango abinci."

Suka nufi tasha. A bas ya zauna kusa da ita, jakar a kan cinyarsa, har gida.

Doña Tránsito tana ƙofa. Da ta ga jakar ta dawo, fuskarta ta canza.

"Mama," in ji Olvin, "tukunyarki ce."

"Tukunyata? Wadda kakata..."

"Ita. Ga takardar da nas ta rubuta, in kina so gobe in kai ki ki ji da kunnenki. Na kusa korar matata a kan ganye da alif."

"Nas ɗin nan me ta sani? Ni ban yi ba? Me ya same ni?"

"Ke kin ci sa'a. Ita ba ta ci ba."

Tsohuwar ta karɓi takardar ta juya ta, ko da yake ba ta iya karatu ba. Ta shige ɗakinta. Can da yamma ta fito da kofin ruwa, ta dangwara shi gaban Dilcia ba tare da ta dube ta ba.

"Lokacin ƙwayar taki bai yi ba? Sha, kada nas ɗin ta sake cewa ni ce."

Haƙurin da ta iya bayarwa ke nan. Dilcia ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Na gode, Mama." Wannan karon ba a hana ta ba.

Ni mai ba da labarin nan, abin da zan faɗa kaɗan ne. Ciwon jikin mace ciwo ne, ba laifi ba ne. Wanda ya ga abin da bai gane ba a jikin matarsa, ya tambayi masu sani kafin ya yanke hukunci. Dilcia ta yi haƙuri, amma ba ta yi shiru ba, shi ya cece ta.

Washegari Alhamis, gari ya waye tas. Olvin ya riga kowa tashi. Ya kwance ragar lilon daga baranda ya naɗe ta. Ya ɗauko baƙar tukunyar ya huda gindinta da ƙusa, ya cika ta da ƙasa, ya dasa barkono. Sannan ya ja bokitin da ke ajiye tun Litinin zuwa kwami, ya naɗe hannun riga, ya wanke kayan matarsa ɗaya bayan ɗaya. Matan maƙwabta suna leƙe ta kan shinge suna ƙus-ƙus. Bai ɗaga kai ba. Ya shanya su a igiyar gaba, inda rana ta fi bugawa.